Garin Da Ƙafa Ba Ta Kai Mutum Ko'ina

A shekarar 2022 wata tsohuwar ɗalibarmu ta aiko mana da saƙo daga Amurka tana neman shawara. Mun koyar da ita tun tana ƙaramar sakandare, yanzu kuwa nas ce, tana da miji da 'ya'ya uku. A lokacin suna zaune a unguwar Bronx cikin birnin New York, a ɗaki biyu da falo can hawa na biyar, su biyar, ga uwar mijinta cikon ta shida. Wani asibiti a garin Tulsa, cikin jihar Oklahoma, ya ba ta aiki. Ta ce, "Malam, albashin bai kai na nan ba, amma da abin da muke biya na haya za mu sami gida sukutum mai fili a baya, har a ba mu canji. Mu tafi ko mu zauna?"

Muka zauna da iyayenta muka tattauna, bakinmu ya zo ɗaya, muka ce su tafi. Wa zai ƙi gida mai fili ya zauna a akurki? Amma a cikinmu duka babu wanda ya tambaya yadda ake zuwa kasuwa a garin, ko makaranta, ko asibiti. Da mijinta ya zo ganin gida a Kirsimetin 2024, muka kwana biyu muna hira da shi, sai muka gane shawararmu rabi ce. Abin da ya faɗa mana shi ne za mu ba ku a wannan wata, gama iyalai da yawa cikin masu karatunmu suna da ɗa ko 'ya a ƙasar waje, kuma wata rana irin wannan tambaya za ta iso gidanku.

Wane Irin Gari Ne Tulsa?

Tulsa shi ne gari na biyu wajen girma a jihar Oklahoma, yana bakin kogin Arkansas. A ƙidayar 2020 an sami mutum 413,066 a cikinsa, in an haɗa da garuruwan kewaye kuwa sun ɗan haura miliyan ɗaya. Watau shi ba ƙauye ba ne, kuma bai kai manyan birane ba. Man fetur ne ya raya shi, tun sa'ad da aka haƙo mai a kusa da shi a 1905. Akwai garuruwa masu irin wannan girma da yawa a tsakiyar Amurka da kudancinta, halinsu kuwa kusan ɗaya ne.

Halin nan shi ne, an shimfiɗa garin domin mota. Faɗin ƙasar Tulsa ya kai wajen murabba'in kilomita 500. Manyan titunansa an ja su ne kamar layin littafin lissafi, tsakanin wannan da wancan mil guda. A cikin kowane gida na layin nan sai gidajen kwana zalla, kantuna da ofisoshi kuwa suna can bakin manyan tituna, kowanne da makeken filin ajiye motoci a gabansa. Dokar gari ce ta raba wurin kwana da wurin ciniki. Uwargida ba ta da izinin kafa tebur a ƙofar gida ta sayar da ƙosai, babu mai shayi a kwana, babu mai kayan miya da zai bi layi. Ko gishiri ne ya ƙare, sai an tada mota.

Ba haka garuruwan nan suka tashi ba tun fil azal. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu mutane suka yi ta fita bayan gari suna gina gidaje, a 1956 kuma gwamnatin Shugaba Eisenhower ta yi dokar gina manyan hanyoyin da suka ratsa ƙasar duka. Ɗaya daga cikin hanyoyin nan ta bi ta tsakiyar Greenwood, unguwar baƙaƙen fata ta Tulsa, wadda fararen fata suka ƙone a 1921, masu ita suka sake gina ta da guminsu. Jirgin ƙasa na fasinja ya daina zuwa garin tun 1971. Akwai bas, har an ƙaro wata mai sauri a titin Peoria a 2019, amma a yawancin hanyoyi mutum yakan jira rabin sa'a ko sa'a guda, da dare da ranar Lahadi kuwa sun fi wuyar samu. Babu acaɓa, babu keke mai ƙafa uku. Wanda ya taɓa zama a Abuja ba shi da mota ya ɗan ɗanɗana abin da muke faɗi, sai dai a Abuja mutum yakan tsaya bakin titi ya ɗaga hannu a ɗauke shi. A Tulsa ko ya wuni hannunsa a sama ba mai tsayawa.

Abin Da Suka Samu

Kada mu ɓoye alherin garin, gama yana da yawa. Na fari, muhalli. A 2024 matsakaicin kuɗin gida a Amurka ya haura dala 400,000, a Tulsa kuwa bai kai 300,000 ba. Hayar ɗaki a New York takan ninka ta Tulsa sau uku ko fiye. Iyalin nan sun shekara bakwai a New York ba su taɓa mafarkin mallakar gida ba, amma cikin shekara biyu a Tulsa suka biya kafin alƙalami suka shiga nasu, mai ɗaki uku. 'Yan mata da ɗakinsu, yaro da nasa. A bayan gida uwargida ta shuka kuɓewa da yakuwa da tattasai, suka kuwa yi kyau, gama zafin bazarar can ya ishe su.

Na biyu, lokaci. Ma'aikaci a New York yakan ci wajen minti 40 kafin ya isa wurin aiki, a Tulsa kuwa kusan minti 20 ne. Wanda ya rage minti 40 kowace rana, zuwa da dawowa, ya sami lokacin duba littattafan yara da cin tuwon dare tare da su. Mu malamai mun san bambancin yaron da ake duba aikinsa a gida da wanda ba a dubawa.

Na uku, aiki da karatu. Akwai manyan asibitoci a garin, akwai babban wurin gyaran jiragen sama na kamfanin American Airlines mai ma'aikata dubbai, akwai kamfanonin mai da gas. Makarantun gwamnati kyauta ne, bas kuma tana ɗaukar yaran da gidansu ke nesa. Tun 2007 kwalejin gari tana da shirin biya wa yaran yankin kuɗin karatu in sun gama sakandare a can, muddin suna da takardun zama sun kuma cika sharuɗɗa. A 2018 aka buɗe wani babban wurin shaƙatawa a bakin kogi mai suna Gathering Place, shiga kyauta. Garin yana neman mutane ƙwarai, har a shekarar nan ta 2018 aka fara wani shiri mai suna Tulsa Remote, ana ba da dala 10,000 ga mai aiki ta intanet in ya yarda ya ƙaura ya zauna shekara guda. Shirin na waɗanda ke da izinin aiki a Amurka ne tun can, kada wani ya ruɗe ku da shi.

Lissafin Mota

To, yanzu mu je allo. A New York fiye da rabin gidaje ba su da mota, gama jirgin ƙarƙashin ƙasa yana aiki dare da rana. A 2024 katin shiga jirgi da bas na wata guda dala 132 ne. Miji da mata, dala 264 ke nan, an gama maganar sufuri.

Mota kuwa ba kuɗin sayenta kaɗai ba ne. Ƙungiyar masu motoci ta Amurka, wato AAA, takan fitar da lissafi kowace shekara. A 2024 ta ce riƙe sabuwar mota shekara guda yana cin dala 12,297, in an haɗa fetur, da inshora, da gyara, da taya, da haraji, da kuɗin ruwa na bashi, da faɗuwar darajar motar. Watau fiye da dala 1,000 kowane wata. Mota ta hannu ba ta kai haka ba, amma ita ce mai yawan zuwa gareji, ladan makaniki a can kuwa da sa'a ake lissafa shi. Inshora dole ce bisa ga doka, kuma sabon direba ya fi kowa biya. Baƙon da ba shi da tarihin biyan bashi a ƙasar, banki yakan ɗora masa ruwa mai nauyi. Yaron da bai kai shekara 8 ba dole a ɗaure shi a kujerar yara ta musamman, ita ma saye ake yi.

A ce iyali sun rage dala 1,000 a wata a kan haya saboda ƙaura. A ce sun sayi motoci biyu na hannu, kowace tana cin rabin abin da sabuwa ke ci. Dala 1,000 ke nan ta fita. In aka cire 264 da suka daina biya na jirgi, ribar da ta rage ba ta kai 300 ba, ga shi kuma albashi ya ragu. Hausawa sun ce araha ba ta ado. Gidan yana da araha da gaske, amma wani kashi na kuɗinsa a gidan mai da gareji ake biya.

Me ya sa muka ce motoci biyu? Gama nas takan yi aikin sa'a 12, daga bakwai zuwa bakwai, wani mako da rana, wani mako da dare. Da suka isa, maigidan kaɗai ya iya tuƙi. Wata huɗu cur yana kai ta da asuba, ya wuce nasa aiki, ya komo ya ɗauko ta da dare, kafin ta sami lasin. Cikin watan Janairu na farkon zuwansu motar ta mutu a hanya, ta yi kwana tara a gareji. Ita dai ba ta da halin fashi, sai ta riƙa kiran Uber safe da yamma. Shi kuwa ya yi fashin kwana uku, aikinsa kuma da sa'a ake biya, ranar da ba ka zo ba babu ko sisi. Ya ce mana, "Malam, a garin nan mota ita ce ƙafa. Ranar da ta lalace, gidan gaba ɗaya ya gurgunce."

Akwai kuma haɗari. A 2022 mutum fiye da 42,000 suka mutu a hanyoyin Amurka, fiye da 7,000 daga cikinsu masu tafiya da ƙafa ne. Manyan titunan irin garuruwan nan suna da faɗi, motoci suna gudu, wuraren tsallakawa suna nesa da juna, waɗansu unguwanni ma ba a yi wa masu ƙafa hanya a gefen titi ba.

Wadda Aka Bari A Gida

Duk wannan lissafin kuɗi ne, kuɗi kuwa ana nemansa a samu. Abin da ya fi taɓa mu labarin Kaka ne, uwar maigidan, mai shekara kusan saba'in.

A Bronx, ko da yake ba ta jin Turanci sosai, Kaka tana da rayuwarta. Da hantsi takan sauko ta taka zuwa kantin kayan abincin Afirka, ta sami matan Gana da na Nijar masu jin Hausa, su yi ta hira. Ita ke kai jikoki makaranta da ƙafa, ita ke ɗauko su. Ta san mai sayar da kifi, mai kifi ya san ta. A Tulsa aka ba ta ɗaki mai kyau, taga tana duban ciyawa kore shar. Da ƙarfe takwas na safe kowa ya watse, sai ita da autan gidan. Maƙwabta mutanen kirki ne, sukan ɗaga hannu, amma daga cikin mota suke ɗagawa, ƙofar garejinsu ta buɗe da kanta, su shige, ta rufe. Sai mako ya zagayo ba ta yi magana da wani babba ba in ba ɗanta da surukarta ba, su kuma a gajiye suke dawowa. Ko sujada ranar Lahadi sai in akwai mai kai ta. Wata mata a ekklesiyarsu ta ɗauki nauyin zuwa ɗaukarta taron mata kowace Laraba, Allah ya sāka mata, amma rana ɗaya ce cikin bakwai.

Wata rana da zafi Kaka ta goya yaro ta ce za ta taka zuwa kanti, ba ta san nisansa ya fi mil guda ba. A watan Yuli zafin Tulsa yakan kai digiri 34, wani lokaci ya haura 38. Wani bawan Allah ne ya gan ta zaune a gefen titi, ya tsaya ya mai da ita gida. Bayan wata takwas ta kira ɗanta ta ce, "Ɗana, ka mai da ni gida. Ban yi laifin da za a kulle ni ba." Surukarta ta yi kuka ta ce, "Mama, ki yi haƙuri ki ƙara mana ko shekara guda." Ta yi haƙurin wata uku, sa'an nan ta dawo. Yanzu tana nan garinmu, kullum da yamma tana ƙofar gida ana ta gaishe ta. Tafiyarta kuma ta jawo wani kashe kuɗi da ba a lissafa ba, gama dole aka sa autan a gidan reno, reno kuwa a Amurka yana da tsada ƙwarai.

Ba tsofaffi kaɗai abin ya shafa ba. Yaro mai shekara 12 a New York yakan hau bas shi kaɗai ya je ɗakin karatu. A Tulsa sai ya kai 16 ya sami lasin kafin ya je ko'ina da kansa. Kafin nan iyaye ne direbobinsa, in ba su da sarari sai ya wuni gaban talabijin da waya. Haka kuma matar da ba ta iya tuƙi ba, ko mai ciwon ido, ko mai farfaɗiya. Garin da ya buɗe wa mai tuƙi kowace ƙofa, shi ne ya rufe wa waɗannan.

Iska Da Nisa

Abu biyu kuma ya kamata mai niyyar ƙaura ya sani. Oklahoma ƙasar guguwa ce, musamman daga Afrilu zuwa Yuni, akwai jiniya a unguwanni da ake busawa domin mutane su ɓuya. A watan Disamba 2007 ruwan ƙanƙara ya karya itatuwa da wayoyin lantarki, gidaje da yawa suka yi kwanaki babu wuta cikin sanyi. A watan Yuni 2023 wata iska mai ƙarfi ta sake yin irin wannan ɓarna. Ranar da titi ya daskare tuƙi yana da haɗari, nas kuwa dole ta fita.

Sai nisa da dangi. 'Yan Nijeriya suna da yawa a Houston da Dallas, cikin jihar Texas. Daga Tulsa zuwa Dallas tafiyar sa'a huɗu ce a mota, Houston kuwa kusan takwas. Babu jirgin sama da ke tashi daga Tulsa kai tsaye zuwa Afirka, sai an sauya a wani babban gari kamar Atlanta. Daddawa da kuka da manja ana samu, amma sai an nema, kuma da tsada.

Kafin Ku Ɗaure Kaya

Mun tambayi maigidan ko suna da-na-sani. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce a'a. Suna da gidansu, yara suna karatu, suna barci babu ƙarar jirgi. Amma ya ce da za a sake, ba haka za su yi ta ba. Daga bakinsa muka tattara waɗannan shawarwari.

Na ɗaya, duk babban da ke gidan ya koyi tuƙi ya karɓi lasin kafin a tashi, musamman uwargida. Maigidan da ya hana matarsa koyon tuƙi a irin wannan gari ya ɗaure ta, ya kuma ɗaure kansa.

Na biyu, ku rubuta kuɗin haya da kuɗin motoci a layi ɗaya, ku haɗa su, sa'an nan ku gwada da abin da kuke kashewa yanzu. Ku ware kuɗin gyaran mota a gefe wanda ba a taɓawa.

Na uku, kada ku zaɓi gida saboda girmansa kaɗai. Ku duba taswira ku ga nisansa da wurin aiki, da makaranta, da kantin abinci, da majami'a, da hanyar bas. Ƙaramin gida kusa da titin da bas ke bi ya fi wa tsohuwa amfani bisa ga babba a bayan gari. Ku fara da haya ta shekara guda kafin ku saya.

Na huɗu, mutum ɗaya ya je ya kwana uku a garin tukuna. Ya ajiye mota rana guda, ya gwada zuwa kanti da ƙafa ko da bas. Gani ya kori ji.

Na biyar, shi ne mafi girma, ku ƙidaya mutanen gidanku da ba za su taɓa tuƙi ba, ku tambayi kanku yadda wuninsu zai kasance daga safe zuwa yamma. Ku tambaye su su ma. Kaka tana zaune a falo sa'ad da ake shirin ƙauran nan, amma ba wanda ya nemi jin ta bakinta, har da mu da muka ba da shawara daga nesa.

Ga iyali matasa masu lafiya, miji da mata duka suna tuƙi, suna da ɗan abin da suka ajiye, irin wannan gari yana iya zama hutu bayan wahalar babban birni. Ga gidan da ke da tsoho, ko mara lafiya, ko mota ɗaya tak da ta tsufa, sai a yi tunani sosai. Ku iyaye da ke nan gida, ranar da 'ya'yanku suka kira suka ce sun sami gida mai araha a wani gari, ku taya su murna, sa'an nan ku tambaye su abin da mu muka manta: in gishiri ya ƙare, wa zai je ya sayo, kuma da me zai je?

Allah ya ba mu hikimar riƙon iyali, ya kiyaye namu da ke baƙunci a ƙasashe masu nisa. Amin.